Yadda ake tattara tsofaffin takardu da hotunan jiragen saman soja a Damagaram, a adana su, a raba wa jama'a

A wani gida a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, na fara ganin abin da ya ja ni cikin wannan sha'ani. An yi rasuwa, bayan sadakar arba'in aka buɗe akwatin ƙarfen marigayin, irin na sojan da, ana neman takardar gona. Takardar gona ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne littafin soja, da lambobin yabo biyu, da wani ɗan littafi na Faransanci mai zanen inji wanda gara ta cinye gefensa, sai hoto ɗaya na samari huɗu tsaye a gindin fiffiken jirgi. Kowa a gidan ya nuna wanne ne Baba a cikinsu. Sauran ukun fa? Wane gari ne, wace shekara, wane irin jirgi? Mutum ɗaya da ya san amsar, shi ne ake yi wa sadakar.

Saboda haka duk matakan da zan kawo a ƙasa a kan abu ɗaya suke tafiya: takardar kanta rabin aiki ce, sauran rabin shi ne bayanin da ke tare da ita, wato daga hannun wa ta fito, a ina, yaushe, kuma wa ya faɗa.

Mataki na ɗaya: ka san abin da ya ratsa samaniyar yankinka

Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ka riƙe wasu shekaru a ka, don su ne ma'aunin da za ka riƙa ɗora kowane hoto a kai.

Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mai da ita Yamai. Bayan tashin gwamna ma garin bai daina zama zango ba ga jiragen da ke tsakanin Yamai da Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena tun 1973. A ƙarshen 1933 Janar Joseph Vuillemin ya jagoranci ayarin jiragen sojan Faransa kusan talatin, samfurin Potez 25, suka taso daga Istres ta Faransa a watan Nuwamba, suka ƙetare Sahara ta Gao, suka zaga har Dakar, suka biyo ta Yamai da Zinder da Fort-Lamy zuwa Bangi, sannan suka juyo. Faransawa suna kiran wannan tafiya Croisière noire. A nan ka yi hattara: akwai wata tafiya mai wannan suna ta motocin Citroën a 1924 zuwa 1925, ita ma ta biyo ta Zinder. In kana bincike a intanet, sau da yawa ta motocin ce za ta fara fito maka, sai ka ƙara sunan Vuillemin ko Potez.

A kudu da mu kuma labarin Ingilishi ne. Jiragen farko da suka sauka Kano na sojan saman Ingila ne, guda uku samfurin DH.9A, ranar 1 ga Nuwamba 1925, daga Masar, ƙarƙashin Arthur Coningham. Daga Satumba 1940, ana cikin yaƙin duniya na biyu, aka buɗe hanyar Takoradi: a kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, El Fasher, Khartoum har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya, cikinsu akwai Hurricane da Blenheim. A lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, ta Faransawan da suka bi Jamus, har Nuwamba 1942, Chadi kuwa ta bi De Gaulle, wanda ke gefen Ingila, tun Agusta 1940. Amfanin sanin wannan a fili yake: in aka miƙo maka hoton jerin Hurricane aka ce a Zinder aka ɗauka a 1941, ka yi shakka, ka fara tunanin Kano ko Maiduguri. Mutanenmu kuwa sun yi ta zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano, hoto ya sha shigowa cikin kayan fatake.

Bayan ƴancin kai, rundunar saman Nijar ta fara a 1961 da C-47, wanda aka fi sani da Dakota, da Broussard, daga baya Noratlas, sai C-130 a 1979. Yawancin hotunan da za ka samu a gidajen tsofaffin makanikai na wannan zamani ne.

Mataki na biyu: ka yanka wa kanka iyaka

Wanda ya ce zai tara komai, wayarsa ce za ta cika da shara. Zaɓi abu ɗaya: jiragen da suka sauka Zinder kafin 1960, ko samfuri ɗaya kamar Broussard, ko ƴan Damagaram da suka yi aikin jirgi. Rubuta shi a shafin farko na kayenka, wato littafin rubutunka. In ka gamu da abin da ya fita iyakar, ka rubuta inda yake, ka wuce.

Mataki na uku: shiga gidaje

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ba a gaggawa. Waɗanda za ka nema su ne iyalan tsofaffin sojoji, da na direbobi, masinjoji, kuku da masu gadi da suka yi aiki a bariki, da ma'aikatan awon yanayi na filin jirgi, da tsofaffin masu hoto na Zango da Sabon Gari waɗanda ƴaƴansu ke riƙe da kwalayen fim. Kada ka manta da ƙauyuka: tsohon soja in ya yi ritaya gida yake komawa, Mirya ko Matamai ko Magarya ko Gure.

Kada ka je kai kaɗai kamar mai karɓar haraji. Ka bi ta hannun wanda gidan ya sani, mai unguwa ko liman ko wani jika da kuke zaman fada tare. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, da ɗan goro ko sukari. Kada ka fito da waya. Mutane da yawa in sun ji ana tambayar takardun soja, ɗayan biyu suke zato: ko kuɗin fansho ya fito, ko kuwa kana so ka sayar wa Nasara. Ka warware wannan tun da wuri, da bakinka.

Ga yadda nake yi:

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba karɓa na zo yi ba. A gabanku zan ɗauki hotonta, in mai da muku abinku, in kuma kawo muku wanda aka wanke sabo."

"To ɗana, me za ka yi da shi?"

"Don jikoki ne, Baba. In kun yarda kuma a nuna wa ɗalibai. In ba ku yarda ba, a wurina zai tsaya."

In tsohuwa ce ke riƙe da makullin akwatin, kuma sau da yawa ita ce, ka je da ƙanwarka ko matarka. Iya ta fi kowa sanin wace shekara mai gida ya tafi, don tana lissafi da goyo: "Ina da cikin wane aka kai su Agadas." Wannan lissafi ya fi na maza daidai, sai dai ka nemo shekarar haihuwar wanen daga baya.

Idan akwatin ya buɗe, kafin ka taɓa komai ka ɗauki hotonsa yadda yake. Sannan ka nemi izinin ɗaukar murya, ka ɗora hoto ɗaya-ɗaya a gaban mai bayani, ka yi tambayoyi buɗaɗɗu: su wa ke nan, ina ne nan, da rani ne ko da damina, me ya kai su. Kada ka sa masa magana a baki. In ka ce "Wannan ai Dakota ne ko?" zai ce maka "Shi ne," don kara. Ka bar shi ya kira jirgin da sunan da suke kiransa, ko da "mai wutsiya biyu" ne, ka rubuta haka.

A kayenka ka raba shafi gida uku: abin da ke rubuce a jikin takardar, abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, da abin da kai ka gano daga baya. Kada su gauraya har abada. Ranar da ka gauraya su, bayan shekara biyu kai kanka ba za ka iya tuna wanne ne gani, wanne ne ji ba.

Maganar kuɗi: ni ba na sayen asali. Da zarar ka sayi ɗaya, labari ya zaga unguwa, sauran akwatunan sun rufe sai da ciniki, yara kuma su fara zaro hotuna daga album a ɓoye, su raba su da bayaninsu.

Mataki na huɗu: hannu a kan tsohuwar takarda

Ka wanke hannu ka shanya sosai, ban da man shafawa. Hoto ta gefe ake riƙe shi. Ƙurar hunturu da busasshen buroshi mai laushi ake share ta, irin na masu zane, ba da tsumma mai laima ba, ba da hurawa da baki ba. Takardar da ta daɗe a naɗe, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya riga ya gasa ta, in ka buɗe da ƙarfi a kan layin naɗin za ta karye. Ka buɗe iya inda ta yarda, ka ɗauka haka.

Abu uku ne haramun a wannan aiki: salatif, biro, da like takarda cikin leda da zafi, abin da muke cewa plastifiye. Na ukun ya fi ba ni haushi don da shi na ƙone. Wani hoto da aka ba ni amana na kai shagon fotokopi, na fita amsa waya, kafin in dawo yaron shagon ya yi mini "gyara", ya like shi cikin leda. Ba ya ɓantaruwa. Rubutun fensir da ke bayansa ya dushe a ƙarƙashin gam. Da wace fuska na koma gidan, ni kaɗai na sani. Tun daga ranar ba na fita da asali daga gidan masu shi.

Ƙusar stafla da ta yi tsatsa a ɗaga ƙafafunta a hankali a zare, amma sai bayan ka ɗauki hoton yadda takardun suke a haɗe. Littattafan jirgi da yawa warwara ne, shafuka ne a cikin marfi mai zobe. Wanda ya taɓa ganin yadda malamanmu ke kiyaye jerin warƙoƙi a gafaka, da kalmar farko ta shafi na gaba a rubuce a ƙasan na baya, ya san abin da nake nufi: jerin da ka tarar shi ma bayani ne, kada ka sake shi don ya yi maka kyau.

In ka tarar da fim, duba rubutun gefensa. In an sa NITRATE, wannan irin na da ne wanda aka daina yi a farkon shekarun 1950, yana kama wuta da sauri kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Ka ware shi daga sauran takardu, nesa da murhu da rufin kwano, ka fara kwafe shi kafin komai. In an sa SAFETY amma yana warin binega, ya fara lalacewa, kuma warin yana harbin na kusa da shi, shi ma a ware.

Kafin ka bar gidan ka taya su gyara ma'aji: akwati a ɗora kan bulo, a janye shi daga jikin bangon ƙasa saboda gara, kowane hoto a sa farar takarda tsakaninsa da ɗan'uwansa, a riƙa buɗewa ana dubawa kafin damina da bayanta.

Mataki na biyar: kwafewa

In kana da sikana, ma'aunin shi ne 300 dpi, wato yawan ɗigo a inci ɗaya, ga shafin rubutu, 600 ga hoto, 2400 ko sama ga fim. Ka ajiye kwafin farko a TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, kada ka gyara shi ko kaɗan. Wannan shi ne uwa. Daga jikinsa za ka riƙa fitar da JPEG na rabawa. Ka san nauyinsu tun yanzu: shafin A4 mai launi a 300 dpi ya kai megabait 26, marar launi kusan 9. Littafi mai shafi 200 da launi ya haura gigabait 5. Duk da haka marfi da shafukan da ke da hatimi ko rubutun hannu da launi ake ɗaukarsu, don jan tawada da shuɗiya suna da ma'ana.

Amma tunda mun ce asali ba ya fita gida, kuma kuran, wato wutar lantarki, ba kullum ba, waya ce za ta yi yawancin aikin. Kujeru biyu, katako a gicciye a kansu, waya kwance a kan katakon kyamararta na leƙen ƙasa, takarda a shimfiɗe kan baƙin ƙyalle. A inuwar zaure ko rumfa da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe. Kashe filasha, goge idon kyamara, kashe duk wani abin ƙawata hoto, ka sa ƙidayar daƙiƙa uku don kada hannunka ya girgiza ta. Ajiye rula a gefe don a san girman abin. Kada ka zuƙo da yatsa, ka sauko da wayar.

Kowane hoto gaba da baya ake ɗauka. Baya ya sha fin gaba amfani: hatimin mai hoto, kwanan wata, sunan gari, saƙon da aka rubuta wa uwa. Littafi kuma daga marfi zuwa marfi, har shafukan da ba komai, har manyan zane masu naɗi, waɗanda za ka ɗauka gaba ɗaya sau ɗaya sannan kashi-kashi. Kafin ka tashi ka ƙirga shafukan da ke waya ka gwada da na littafin. Komawa Tanut saboda shafi na 47 ba abin dariya ba ne.

Daga baya a kwamfuta ka haɗa shafukan su zama PDF, ka bi da su ta manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, kamar Tesseract wadda kyauta ce, ka zaɓa mata Faransanci ko Ingilishi. Za ta yi kurakurai a lambobi, amma za ka iya neman kalma a cikin littafin.

Mataki na shida: gane jirgin

Fara da abin da ido ke ƙirgawa. Fiffike hawa biyu ne ko ɗaya? Inji nawa? Wutsiya fa? Tayar baya ce ko ta hanci?

Fiffike hawa biyu, na sama ya fi na ƙasa tsawo sosai, inji ɗaya, mazauni biyu a buɗe: a yankinmu ka fara zargin Potez 25, wanda aka ƙera kusan 4,000. Na ƙasashen zafi ana ƙara masa harufan TOE, cikinsa ya fi zurfi saboda ƙarin tankin mai. In ka ga alamar kaza irin ta takardar da aka naɗe a jikinsa, alamar Vuillemin ce. Inji ɗaya, fiffike a saman gangar jiki, wutsiya mai allo biyu: Broussard. Inji biyu, fiffike a ƙasa, hanci a ɗage yana zaune kan tayar baya: Dakota. Gangar jiki kamar tulu tsakanin sanduna biyu da suka miƙe zuwa wutsiya: Noratlas, shi ne "mai wutsiya biyu" na tsofaffi, ko da yake wani da Broussard yake nufi, shi ya sa ake tambaya inji nawa.

Sai tambarin zobe. Na Faransa shuɗi a tsakiya, fari, ja a waje. Na Ingila akasin haka, ja a tsakiya, shuɗi a waje. Na Nijar ruwan lemo a tsakiya, fari, kore a waje. A hoto marar launi kada ka yanke hukunci da duhun zobe kawai, don wasu fina-finan da suna mai da ja baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya yi haske.

Lamba ita ce sarauniyar shaida. Faransawa kafin yaƙi suna rubuta sunan kamfani da samfuri da lambar jirgi a kan allon wutsiya mai launi uku. Ingilishi suna sa lambar a bayan gangar jiki kusa da wutsiya, manyan harufan da ke gefen zobe kuma na runduna ne. Amurkawa a lokacin yaƙin duniya na biyu suna haɗa shekarar oda da lamba su yar da adadin farko: misali 42-23456 zai fito a wutsiya 223456. Harufan rajista kuma suna faɗin ƙasa: 5U Nijar, 5N Najeriya, TT Chadi, F Faransa. In ka karanta adadi huɗu na biyar ya ɓuya bayan kan mutum, ka rubuta huɗun ka sa alamar tambaya a gurbin ɗayan. Kada ka cike da ka.

Bayan jirgin ka dubi ƙasa. Duwatsun Zinder ba su ɓuya, manyan ƙwallayen nan masu santsi. Hular soja, rigar ma'aikata, motar da ke gefe, duk suna rage tazarar shekaru.

Mataki na bakwai: karanta littafin jirgi kamar mai sana'a

Kowane littafi yana da suna, lamba, da bugu, kuma ukun za ka rubuta. Na Faransa za ka ga notice technique ko manuel de l'équipage, littafin sa'o'in tashi na mutum kuma carnet de vol. Na Ingila na matuƙa Pilot's Notes ne, da lamba mai farawa da A.P. Na Amurka suna farawa da T.O. ko AN. A farkon na Amurka akwai shafin da ke jera shafukan da aka sauya da ranar sauyin. Da shi za ka gane ko kwafinka cikakke ne. Littafi iri ɗaya bugun 1943 da na 1945 abu biyu ne, kada ka yar da ɗaya.

Ni a wurina littafin da makaniki ya yi wa rubutu a gefe, da tabon baƙin mai a shafin da ya fi buɗewa, ya fi sabo fil daraja. Sabon akwai irinsa a Turai. Wannan kuwa shi kaɗai ne ke nuna abin da rairayi da zafinmu suke yi wa inji.

Mataki na takwas: cike giɓi daga ma'ajiyoyi

Da waya daga Zinder za ka iya shiga Gallica, ma'ajiyar laburaren ƙasar Faransa, inda akwai tsofaffin jaridun jirage kamar Les Ailes da L'Aérophile. Nemi "Zinder" tare da escadrille ko terrain d'aviation, ka taƙaita shekarun. Ka yi amfani da sunayen da: Fort-Lamy, Fort-Archambault maimakon Sarh, A.O.F. wato Afirka ta Yamma ta Faransa. Hotunan sojan Faransa suna hannun ECPAD, hukumar hotuna ta ma'aikatar tsaronsu, takardun rundunoni kuma a Service historique de la Défense a Vincennes. Na mulkin mallaka sun rabu tsakanin Aix-en-Provence ta Faransa da Dakar, inda aka bar takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma, sai ma'ajiyar ƙasa a Yamai. Don hanyar Takoradi, Imperial War Museum na da hotuna, ma'ajiyar ƙasar Ingila da ke Kew kuma na da littattafan ayyukan rundunoni a jerin AIR 27. Rahotannin gwaje-gwaje na NACA, hukumar Amurka da ta yi aiki daga 1915 zuwa 1958 kafin ta zama NASA, suna nan kyauta a shafin rahotannin NASA. Internet Archive cike yake da littattafan Dakota.

Duk abin da ka sauko da shi, a take ka rubuta inda ka samo da lambar da ma'ajiyar ta ba shi. In za ka rubuta musu wasiƙa, tambaya ɗaya ƙwaƙƙwara mai suna da shekara ita ke samun amsa.

Mataki na tara: suna, rajista, ajiya

Sunan fayil ya fara da shekara, sai wuri, sai samfuri, sai lambar gida da ta hoto: 1933_Zinder_Potez25_G04_012a, a ga gaba, b ga baya. Gidaje lamba ake ba su, sunayensu na kaye ne kawai. Shekarar da aka ƙiyasta a sa mata alama. Rajista kuwa tebur ɗaya ne a kwamfuta, layi ɗaya ga kowane abu, da ginshiƙan nan uku na kaye, da na izini.

Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje cikin akwati, ɗaya a wani gari ko a intanet. Kile, wato ɗan makullin USB, da katin memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba ma'aji ba ne.

Mataki na goma: abin da ba a taɓawa

A nan ba wasa. Wannan aikin tarihi ne, kuma halin tsaron da ake ciki kowa ya san shi. Kada ka ɗauki hoton bariki, ko filin jirgi, ko jirgin soja na yau. Kada ka karɓi littafin jirgin da har yanzu yake aiki, ko da samfurin tsoho ne kamar C-130, ko da wani ya turo maka a waya. Takarda mai hatimin Secret, Confidentiel Défense ko Diffusion restreinte, in babu hatimin da ya sauke ta daga sirri, ka bar ta inda take. Tsufa kaɗai ba ya sauke ta. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma yaɗa irin waɗannan abubuwa yana iya zama laifi ko da ba kai ka ɗauka ba. Shi ya sa iyakar 1960 ta fi kwanciyar hankali ga mai farawa.

Sai haƙƙin mallaka. Abin da gwamnatin tarayyar Amurka ta wallafa na kowa ne. Hotunan gwamnatin Ingila da aka ɗauka kafin Yuni 1957 haƙƙinsu ya ƙare. A Faransa sai shekara 70 bayan mutuwar mai aikin. Gallica ta yarda a yi amfani da kayanta in ba don kasuwanci ba, muddin an ambace ta. Littafin da kamfani ya buga kuwa yana iya kasancewa nasa har yau. Hoton gida, izinin gidan ne gaba da komai, a rubuce ko a murya, kuma lambar soja da adireshi da bayanin lafiya a rufe su a kwafin rabawa.

Mataki na ƙarshe: rabawa

Gidan da ya ba ka shi ne farkon wanda za ka ba. Ka wanke hoton babba, ka rubuta bayanin a ƙasa da boko, da ajami in tsohon shi yake karantawa, ka kai da kanka. Rabin gyare-gyaren da na samu a wannan zuwa na biyu na same su, in an kira maƙwabci ya zo ya gani.

Bayan haka ka kai kwafi inda zai fi ka daɗewa: sashen tarihi na jami'ar André Salifou, gidan tarihi na jiha, ko IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan'adam, a Yamai. Littattafan da haƙƙinsu ya ƙare ka ɗora a Internet Archive, hotuna a Wikimedia Commons, wadda ba ta karɓa sai abin da ya zama na kowa ko wanda mai shi ya sake. Ka cike bayanin da Hausa da Faransanci.

WhatsApp yana matse hoto har lambar wutsiya ta narke, don haka ka tura shi a matsayin fayil. Facebook kuma yana share bayanin da ke ɓoye cikin hoto, kuma duk wanda ya kwafa zai bar rubutunka a baya. Maganinsa ka ƙara farin gefe a ƙasan kwafin rabawa, ka rubuta wuri, shekara, samfuri da lambar rajistarka a cikinsa, ba a kan fuskar hoton ba. Inda ƙiyasi ne ka rubuta "wajen 1955, bisa faɗar iyali". Kada ka sa wa hoto launi da manhaja ka raba shi a matsayin na gaskiya, don manhajar na iya shafa wa zoben Faransa launin Ingila.

In wani ya rubuto ya ce ka yi kuskure, ka tambaye shi madogararsa. In ta fi taka, ka gyara a rajista, ka bar tsohon bayanin da layi a kansa da ranar gyara. Hoton nan na Birni sau uku ina sauya masa bayani. Yanzu layinsa yana cewa: Broussard, bisa wutsiya da fiffike, mutum na biyu daga hagu mai gidan ne, bisa faɗar matarsa, na huɗu wani makaniki ne ɗan Gure, bisa faɗar jikarsa da ta gane shi a waya, gurbin na ɗaya da na uku fari ne.